A Tare Harsashi Tun Bai Fita Ba

Ya ku 'yan'uwa talakawa na Samaru da Sabon Gari, yau maganar kuɗinku za mu yi.

Abin nan da masu mulki ke kira inshorar lafiya, ai adashi ne: kowa ya zuba, ranar ciwo a biya masa magani. A 2014 aka yi doka a riƙa ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya saboda lafiyar talaka. A 2018 Jihar Kaduna ta kafa tata hukumar, KADCHMA. A 2022 kuma aka wajabta inshorar a kan kowa. Madalla. To, amma wane ciwo ne ya fi hana mu barci? Bindiga.

Ba mu manta da watan Yunin 2021 ba, da 'yan bindiga suka faɗa wa Kwalejin Nuhu Bamalli nan Zariya da dare, suka kashe ɗalibi, suka kwashe ɗalibai da malamai. Dokar 2017 ta ce lalle asibiti ya karɓi wanda aka harba, ba sai da takardar 'yan sanda ko kuɗin kafin alƙalami ba. Wannan daidai ne, ku riƙe ta da kyau. Amma ɗinki ba ya mai da rai, kuma yaron da aka sallama da ƙullin ramuwa a zuci, gobe shi zai aiko da wani gadon asibiti.

A Amurka an gane haka. A 2021 jihar Konetikat ta yarda asusun maganin talakawansu, wato Medicaid, ya riƙa biyan mutanen da aka horar su bi wanda aka raunata tun daga gadon asibiti har gida, su kashe wutar ramuwa.

Za a ce mana sulhu ba ya korar ɓarayin daji. Gaskiya ne, wannan aikin soja ne. Amma 'yan sara-suka da masu kai wa ɓarayi rahoto ba daga daji suka fito ba. Yaranmu ne da zaman banza da ƙwaya suka cinye, kuma mun san ƙofar gidan kowannensu.

Don haka muna kira ga wakilanmu na Majalisar Kaduna: a yanka wani kaso daga adashin nan, a horar da dattawa da matasa masu sulhu a kowace unguwa, a ba su albashi, a kuma karanta lissafin kuɗin a bainar jama'a, kada ya maƙale a aljihun 'yan barandan siyasa.

Ku kuma 'yan kasuwa, da kun ji harbi ku kan rufe rumfa ku yi asarar cinikin yini. Duk wanda ya zo neman ƙuri'a, ku tambaye shi wannan kafin ku karɓi atamfarsa. Da muguwar rawa, gara ƙin tashi. Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.