Kaurin Yatsa Ba Ya Hana Kiɗan Jita

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani abu da ya same ni a zangon karatun da ya wuce, gama na lura ba ni kaɗai ya shafa ba.

Shekarata 26. Tun ina makarantar mishan ta ƙauyenmu na ke sha'awar jita, amma can ba mu da ita. Da baki malaminmu ya ke koya mana waƙa, do re mi, yana ƙwanƙwasa tebur da sanda. Sa'ad da na zo kwaleji na iske ƙungiyar kiɗa tana da jita biyu, sai ran wata Asabar da la'asar na je na ce a rubuta sunana. Mai lura da kayan, wani ɗalibi na ajin gaba da mu, ya ce, "Ɗan'uwa, miƙo hannunka mu gani." Na miƙa. Ya juya shi ciki da baya kamar mai tayin doya, kana ya ce, "Ai wannan hannun fartanya ne. Ga ganga can. In kuwa lalle sai abu mai tsirkiya, nemi kuntigi irin na marigayi Ɗan Maraya Jos, tsirkiya ɗaya ce, ba za ka kuskure ta ba." Aka fashe da dariya. Ni ma na yi, don kada a ce na ji haushi. Amma na ji.

Bai yi ƙarya ba game da hannun. Tun ina ɗan shekara bakwai na ke bin babana gona, yatsuna kuwa gajeru ne masu kauri. Ban raina ganga ba, ban raina kuntigi ba, sai dai ba su na zo nema ba.

Da hutu ya zo na ari wata tsohuwar jita mai tsirkiyar ƙarfe wurin ɗan kawuna. Mako uku na fari sai na ce maganar mutumin nan ta tabbata. In na danne tsirkiya ɗaya, naman yatsan ya taɓa ta kusa da ita, sai ta mutu, ka ji ƙus kamar an jefa dutse cikin taɓo. Kan yatsuna ya yi ja, ya yi zafi, har riƙe cokali ya zama aiki. Ƙanwata ta ce in zan ci gaba da wannan, in koma bayan rumbu.

Ran nan sai na tuna ni ɗalibin malanta ne, an koya mini in auna abu kafin in yanke masa hukunci. Na ɗauko rula. Wuyan jitar, daga can sama inda tsirkiyoyin shida su ke fitowa, faɗinsa milimita 43 ne, watau tsakanin tsirkiya da 'yar'uwarta wajen milimita 7 ke nan. Kan yatsana na tsakiya kuwa milimita 19. Daga baya na sami labari cewa wannan shi ne faɗin yawancin jita masu tsirkiyar ƙarfe, amma akwai wata iri, ta mutanen Sifen, mai tsirkiyar nailan, wadda faɗin wuyanta ya kai milimita 52, inci biyu da 'yan kai. Milimita tara ba kome ba ne a idon mai gini, amma ga mai yatsa irin nawa, bambancin ɗaki da akurki ne. Tsirkiyar nailan kuma ta fi taushi, ba ta yanka nama kamar ta ƙarfe. Ashe an auna hannuna da jita iri ɗaya ne kurum, aka ce bai dace da dukan jita ba.

Ban sami mai faɗin wuyan ba, don haka na zauna da wadda ke hannuna, a nan ne kuwa na gane cewa rabin laifin ba na kauri ba ne, na yadda na ke riƙo ne. Ina kwantar da yatsa kamar mai dangwala wa takarda hannu. Abin da ya kamata shi ne a lanƙwasa shi ya sauka a tsaye da ƙarshensa, a yanke farce ƙwarai, a ajiye babban yatsa a bayan wuyan, kada a damƙe wuyan kamar ƙotar fartanya. Kuma a danna dab da bayan ɗan ƙarfen da aka gitta, ba tsakiyar gidan ba, gama a nan ƙarfi kaɗan ya isa. Na kuma kai ta wurin wani mai gyara ya rage tsawon ɗan farin abin da tsirkiyoyin ke hawa a cikin jitar, don sun yi nisa da wuyan har sai mutum ya yi kokawa kafin su taɓa. Jita mai araha sau da yawa haka ta ke zuwa, sabon ɗan koyo kuwa bai sani ba, sai ya ɗora wa hannunsa laifi. Bayan wata guda kanta ta fito a kan yatsun, zafi ya tafi.

Kamun da ya fi ba ni wuya shi ne wanda a ke kira A. Ana so yatsa uku su shiga gida na biyu gaba ɗaya, gidan kuwa tsawonsa wajen milimita 34 ne. Ku yi lissafin da kanku. Dabarar ita ce kada a jera su bi da bi: manuni ya hau tsirkiya ta uku, na tsakiya ya hau ta huɗu, na kusa da ƙarami ya hau ta biyu, sai su zauna kamar duwatsun murhu. Waɗansu ma yatsa ɗaya su ke kwantarwa ya danne ukun duka, a nan kuwa mai kauri shi ke da riba.

In wani ya ce wannan duk dabarar 'yan koyo ce, to, ya nemi hoton Andres Segovia, mutumin Sifen da aka haifa a 1893, ya rasu a 1987, wanda ya shigar da jita manyan ɗakunan kiɗa na duniya. Yatsunsa masu kauri ne, cike da nama. Shi ne ma ya ƙarfafa wa Albert Augustine gwiwa ya yi tsirkiyar nailan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a madadin ta hanjin dabba da a ke amfani da ita dā. Ga kuma Django Reinhardt, wanda gobara ta ƙone shi a 1928 yana da shekara 18, yatsa biyu na hannunsa na hagu suka shanye. Da biyun da suka rage ya ke yawancin kiɗansa, ya zama gwani a Faransa, har yau makaɗa na koyi da shi. Da ya miƙa hannun nan a ƙungiyarmu, ko ganga ba za a ba shi ba.

Na san abin da za a ce: icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Na yarda. Yaro ɗan shekara takwas zai riga ni, Segovia ma tun yana yaro ya fara, ni kuwa ba zan kamo ƙafarsa ba ko na shekara ɗari. Amma wa ya ce can na nufa? Malamin firamare za ni zama. Da kamu uku, G da C da D, ana iya raka waƙoƙin aji masu yawa, waɗannan ukun kuwa yanzu suna hannuna, ko da ya ke nakan ɗan tsaya in duba kafin in sauya.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Lokacin da muka fita gwajin koyarwa, an ba ni aji biyu. Akwai wani yaro da ke damƙe fensir da dukan hannunsa, rubutunsa kamar tsakin kaza. Ran da na gaji da shi na ce masa a gaban 'yan aji, "Kai dai ba ka da hannun rubutu." Yara suka yi dariya, shi ma ya yi. Da dare ina fama da kamun A sai dariyar yaron nan ta dawo mini, na gane ta, gama irin tawa ce ta ran Asabar. Kashegari na zauna kusa da shi, na gyara masa riƙo, na ba shi fensir mai kauri. Ban ce ya zama gwani ba, amma kafin mu tashi ana karanta sunansa. Mu da za mu fita mu tsaya gaban yara arba'in ko fiye, yawancinmu mun manta yadda rashin iyawa ya ke, don abin da mu ke koyarwa tun muna ƙanana muka iya shi. A ganina ya kamata kowane ɗalibin malanta ya ɗauki wani abu da hannunsa bai saba ba, ya sha wuyarsa a gaban mutane, kafin a ba shi alli.

Saboda haka ina roƙon shugabannin ƙungiyar kiɗa su bar duba tafin hannu, ba aikinsu ba ne. Wanda ya zo, a ba shi wata guda ya gwada, in ya gaji zai tafi da kansa. In kuma kuɗin sayen jita ta uku ya samu, a sayi mai faɗin wuya mai tsirkiyar nailan, gama 'ya'yan manoma ne suka fi yawa a kwalejin nan. A riƙa kuma sa su cikin jakarsu da hunturu, iskar nan tana busar da katako har ya tsage.

Ni dai kowace Asabar da ƙarfe huɗu ina gindin mangwaron da ke bayan ɗakin cin abinci. Mu uku ne yanzu, dukanmu masu hannun fartanya. Kamun F har yanzu ya gagare mu, wanda ya iya shi ya zo ya nuna mana.