Man Kurtum da Sabulun Gida: Shin Dole Ne Sai da Shi?

Gabatarwa

Sana'ar haɗa sabulu a gida ta sake farfaɗowa a ƙasar Hausa, musamman a tsakanin matan aure da 'yan mata, har ma da ɗalibai waɗanda ke neman abin cika kuɗin makaranta. Sai dai da yawa daga cikinsu sun koyi sana'ar ne daga takardun koyarwa waɗanda aka kwafo daga littattafan Amurka da Ingila. A cikin irin waɗannan takardu akan ci karo da sunayen mayuka baƙi, kuma babu wanda ya fi wahalar samu kamar man wani tsiro da Larabawa ke kira kurtum, Turawa kuma su ce da shi safalawa. Mai sana'a takan zaga kasuwa ta rasa shi. Daga nan ɗayan uku ne yakan faru: ko ta haƙura da sana'ar, ko ta saye shi a 'yar kwalba da tsadar da za ta cinye ribarta, ko kuwa ta zuba duk man da ta samu ba tare da lissafi ba, ta fitar da sabulu mai cin fata. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, neman man kurtum a ƙasar Hausa ɓata jari ne, domin akwai madadinsa a kowace kasuwar ƙauye. Abin da ya kamata a nema shi ne sanin aikin da kowane mai yake yi a cikin sabulu.

Mene ne kurtum?

Kurtum tsiro ne mai ƙaya wanda ake nomawa shekara-shekara a wurare masu ƙarancin ruwa. Furensa ja ne ko rawaya, kuma tun zamanin dā ake rina tufafi da shi, har an sami furanninsa a kabarin Fir'auna Tutankamun wanda aka gano a Masar a 1922. A yau ana nomansa ne saboda man da ke cikin ƙwayarsa, kuma manyan masu nomansa sun haɗa da Kazakistan da Rasha da Meziko da Amurka da Indiya da Turkiyya. A nahiyar Afirka an san shi a Habasha da Sudan. Manomin ƙasar Hausa bai saba da shi ba, shi ya sa ba a ganin mansa a rumfunan masu sayar da mai.

Abin lura a nan shi ne, marubucin Amurka bai sa man kurtum a cikin haɗinsa don wani sirri da ke cikinsa ba. Ya sa shi ne domin a kantin unguwarsu ana samunsa cikin sauƙi, kamar yadda ake samun man gyaɗa a Dawanau. Watau shi ma da abin da ke kusa da shi ya yi amfani. Wanda ya kwafi sunan man ya bar wannan dalili, ya ɗauki ɓawo ne ya zubar da ƙwaya.

Yadda mai yake zama sabulu

Sabulu yana samuwa ne idan mai ko kitse ya haɗu da ruwa mai kaifi, ko dai ruwan toka ko ruwan kostik soda. Masanin kimiyyar nan na Faransa, Chevreul, shi ne ya bayyana asirin wannan haɗuwa a littafinsa na 1823, inda ya nuna cewa kowane mai yana ƙunshe da wasu sinadarai, kuma su ne ke tabbatar da halin sabulun da zai fito. Idan aka bi wannan bayani, za a iya kasa mayuka gida uku.

Kashi na farko su ne masu ba sabulu tauri, kamar man kaɗanya da manja da kitsen shanu. Kashi na biyu su ne masu kawo kumfa da ƙarfin wanki, watau man kwakwa da man alayyadi, saboda kusan rabinsu sinadarin lorik ne. Kashi na uku su ne masu ruwa-ruwa, waɗanda ke sa sabulu ya yi laushi a fata, kuma a nan ne man zaitun da na gyaɗa da na riɗi da na angurya da na waken suya suke. Man kurtum ɗan wannan gida na uku ne.

Har ila yau, man kurtum iri biyu ne. Akwai wanda fiye da kashi 70 cikin ɗari nasa sinadarin linolik ne, akwai kuma wanda sinadarin olik ya rinjaya a cikinsa, mai kama da man zaitun. Na farkon yana da aibi babba ga mai sabulu, domin idan ya yi yawa sabulun ba ya yin tauri, kuma yana saurin lalacewa, ya fito da ɗige-ɗige masu ruwan goro da wari irin na tsohon mai. Shi ya sa ƙwararru ba su cika wuce kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na haɗinsu da shi ba. To, in har a ƙasashe masu sanyi haka lamarin yake, ina ga ɗakin ajiya a Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu? A taƙaice, man da ake wahalar nema shi ne mafi rauni a cikin haɗin gaba ɗaya.

Madadin da ke bakin ƙofa

Hausawa sun ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Man gyaɗa na gaskiya ya fi kowane mai dacewa da gurbin kurtum. Sinadarin olik ya rinjayi linolik a cikinsa, saboda haka ya fi jure ajiya, sa'an nan yawan sodar da yake buƙata daidai yake da na kurtum. Man riɗi shi ma yana shiga wannan gurbi, kuma yana da wasu sinadarai na halitta da ke hana shi saurin lalacewa, ga shi Jigawa da Nasarawa da Binuwai suna nomansa da yawa. Man angurya da na waken suya suna kusa da kurtum mai linolik, don haka su ma sai a taƙaita su kamar yadda ake taƙaita shi.

Tarihi ma yana goyon bayan wannan ra'ayi. A 1688 an kafa doka a Faransa cewa da man zaitun kaɗai za a yi sabulun birnin Marsai. Amma a ƙarni na 19 masu masana'antun birnin suka koma ga man gyaɗar Sanagal da manja da man kwakwa, sabulun kuwa bai rasa sunansa ba. Haka nan bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar da aka riƙa tarawa dala-dala ana kai ta Turai ne domin a tatsi manta, kuma kamfanin Lever Brothers ya kafa reshensa na yin sabulu a Nijeriya a 1923 saboda kusanci da manja da man alayyadi. Ashe ke nan Turawa sun ƙetaro teku neman mayukan Afirka ta Yamma don sabulunsu, yau kuma jikar manomin gyaɗa tana jiran man da za a kawo mata daga Kazakistan.

Sharaɗin musanya

Ba a cewa kowane mai yana maye gurbin kowane. Kowanne yana da adadin sodar da yake cinyewa, kuma nan ne haɗarin yake. Kilo ɗaya na man kurtum yana buƙatar kimanin giram 136 na kostik soda. Man gyaɗa ma kimanin 136, man riɗi da na zaitun kimanin 134, man kaɗanya kimanin 128, kitsen shanu kimanin 141, man alayyadi kimanin 175, man kwakwa kuwa kimanin 183.

Alal misali, a ɗauki haɗin da ya ƙunshi giram 500 na man zaitun da 300 na man kwakwa da 200 na man kurtum. Sodarsa za ta kama 67 da 55 da 27, jimla giram 149. Akan rage kashi 5 cikin ɗari domin a bar ɗan mai a cikin sabulun, sai ta koma kimanin 142. Idan aka cire kurtum aka sa man gyaɗa, babu abin da ya canza a lissafin. Amma idan mai sana'a ta ga wannan ya yi, ta ce bari ta cire man kwakwa shi ma ta sa na gyaɗa, to, mayukan ba za su iya cinye fiye da giram 135 ba, alhali ta zuba 142. Wannan rarar giram 7 tana nan da kaifinta a cikin sabulun, kuma a jikin yaro ko fuskar mai saye za ta bayyana. Ƙa'idar ita ce, a musanya mai da ɗan gidansu, in kuwa an ƙetare gida, a sake lissafi daga farko.

Wannan yana nufin dole a yi awo da sikeli. Gwangwani da murfin jarka da kwalbar lemo ba su isa ma'auni ba ga abin da giram 7 ke iya ɓatawa. Bugu da ƙari, soda ake zubawa a cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda. Ba a haɗi a tukunyar alminiyam, domin soda tana cin ta. A sa safar hannu, a kare idanu, a nisanta yara, sa'an nan a bar sabulun ya sha iska mako huɗu zuwa shida kafin a kai shi kasuwa.

Abin da masu suka za su ce

Mai suka zai iya cewa man gyaɗa abinci ne, kuma ya yi tsadar da magidanci ke kukan sayensa don miya, balle a zuba shi a sabulu. Wannan magana gaskiya ce, kuma ba a raina ta. Amsarta ita ce, gurbin da ake magana a kai bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na haɗin ba, kuma duk tsadar man gyaɗa bai kai na kwalbar da aka yi wa dakon jirgi ba. Daɗin daɗawa, akwai mayukan da ba a ci. Man darbejiya yana yin sabulu, ko da yake warinsa yana da ƙarfi. A ƙasar Mali mata sun daɗe suna yin sabulu da man bini-da-zugu. Kitsen da ke rage wa mahauta, in an narka shi an tace, yana ba da sabulu mai tauri da ƙarko. Ɗan man zurma kaɗan kuma yana ƙara wa kumfa daɗewa.

Wani kuma zai ce mai saye ya fi daraja sabulun da ke ɗauke da sunan baƙon mai. Wataƙila haka ne ga wasu, amma man kaɗanya shi ne abin da kamfanonin kayan shafa na Turai ke alfahari da rubutawa a jikin kwalabensu, kuma Nijeriya tana sahun gaba a duniya wajen samar da ƙwaransa. A watan Agusta na 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da fitar da ɗanyen ƙwaran na wata shida domin a riƙa sarrafa shi a gida. Wadda ke da man kaɗe a hannu ba ta da dalilin jin ƙasƙanci a gaban kowace kwalba. Abin da kawai ya wajaba a kanta shi ne ta faɗi gaskiyar abin da ta zuba, domin akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa.

Ina ruwan ɗalibin Hausa?

Mai karatu zai iya tambayar abin da ya kawo zancen sabulu cikin mujallar Sashen Hausa. Amsa ita ce, rabin matsalar ta harshe ce. A kasuwa a yau, duk wani farin mai na jarka sunansa man gyaɗa, ko da na waken suya ne ko tataccen manja, har sai an ce man ƙuli kafin a gane ana nufin na ainihi. Ga mai miya wannan faɗaɗar ma'ana ba ta da illa sosai, amma ga mai sabulu suna ɗaya ya rufe mayuka uku masu hali daban-daban. Haka kuma kalmar soda tana ɗaukar kostik soda da sodar wanki da ta burodi, alhali ba aikinsu ɗaya ba. Tantance irin waɗannan kalmomi aikin masu nazarin harshe ne, ba na kowa ba.

Sa'an nan ga sabulun salo. Tun kafin sabulun kanti ya shigo, matan Hausawa suna tace ruwan toka, su dafa shi da mai ko kitse har ya kama, kamar yadda Yarabawa ke yin nasu baƙin sabulu, mutanen Gana kuma suke yin alata samina da tokar ɓawon koko da na ayaba. Ita kanta kalmar sabulu daga Larabci aka aro ta, wanda ke nuna daɗewar hulɗa a kan wannan kaya. Tsofaffin da suka san wace toka ta fi kaifi, da yadda ake gane haɗi ya nuna, da sunan kowane mataki na aikin, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ɗaliban da ke neman batun kundin digiri sukan yi cincirindo a kan waƙa da karin magana, alhali ga fage nan na sana'o'in gargajiya yana jiran mai shiga.

Kammalawa

Man kurtum mai ne mai kyau a inda ake nomansa, amma sabulun ƙasar Hausa bai dogara da shi ba. Man gyaɗa na gaskiya ko man riɗi sun wadatar a gurbinsa, muddin an kiyaye lissafin soda kuma an yi awo da sikeli. Abin da ya rage shi ne wannan sani ya isa ga masu sana'ar cikin harshen da suke ji. Ya kamata Sashen Hausa ya haɗa kai da Sashen Kimiyyar Haɗa Sinadarai su fitar da ɗan littafi mai ɗauke da sunayen mayukan gida, da halin kowanne, da adadin sodarsa, tare da bayanin tsofaffin masu sabulun salo kamar yadda suka faɗe shi da bakinsu. Malamai su ba da jagora, ɗalibai su shiga ƙauyuka da alƙalami da takarda tun masu wannan ilmi suna raye. Allah ya sa a dace.