Buhun Da Aka Riga Aka Auna

A makon nan zan ba ku labarin abin da ya same ni, ko wani ya ƙaru.

Akwai manhajojin da mutane ke musayar fayil da su, daga kwamfuta zuwa kwamfuta, kamar BitTorrent wadda Bram Cohen ya fitar a 2001, da eMule wadda ta fito a 2002. Kafin fayil ya fita, sai manhaja ta karance shi tun daga fari har ƙarshe, ta lissafa masa wata gajeriyar lamba, watau hatiminsa. In harafi ɗaya ya sauya a ciki, hatimin ma ya sauya. Ita eMule takan yanka fayil gunduwa-gunduwa, kowace bayit 9,728,000, ta yi wa kowace nata hatimi.

To, aikin nan da nauyi. Saboda haka takan shigar da hatiman cikin wata rajista, known.met, tare da sunan fayil, da girmansa, da ranar da aka gyara shi ƙarshe. Kashegari in ta tarar ukun nan suna nan yadda suke, sai ta ɗauko tsohon hatimi. Kowane akawu ya san wannan: buhun da aka auna aka shigar a littafi, ba a mai da shi kan sikeli kowace safiya.

Ni kuwa na kwashe littattafaina zuwa sabon faifai, ban lura kwanan watansu ya sauya ba. Kai! Na'ura ta kwana tana awo, abokina da ke jiran littafin jarrabawa bai samu ba sai da gari ya waye. Laifina ne, ba nata ba.

Amma akwai abin da ya fi wannan. In faifai ya lalata cikin fayil, alhali suna da girma da rana ba su motsa ba, rajista tana nan tana ba shi shaidar lafiya. Shi ya sa mai karɓa ba ya dogara ga littafin mai bayarwa. Kowace gunduwa ta iso, sai ya lissafa hatiminta da kansa, in bai dace ba ya yar, ya nemo wata. Gani ya kori ji.

Shawarata ita ce, in za ku ƙaurar da fayiloli, ku kiyaye kwanan watansu, ku adana rajistar. Sa'an nan lokaci-lokaci ku sa a sake awo, domin amanar masu karɓa tana wuyanku.

Wasalam, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.