Filin Kimiyya Da Sana'a: Amsoshin Da Kan Salwanta A Fom Mai Zaɓi Da Yawa

A ɗauka wani majiyyaci ya zo asibiti, akawu yana cika masa fom a kwamfuta. Da aka iso wurin tambayar magungunan da jikinsa ba ya ɗauka, sai ya ambaci uku: fenisilin, asfirin da kulorokwin. Akawu ya zaɓi ukun duka, ya danna aikawa, allo ya nuna an adana. Bayan mako guda likita ya buɗe fayil, sai ya tarar da kulorokwin kaɗai, watau na ƙarshe. Akawu bai yi sakaci ba, na'ura kuwa ba ta yi ko tari ba. Laifin yana wuyan wanda ya rubuta manhajar, kuma rami ne da ƙwararru ma sukan faɗa cikinsa.

Tun cikin ƙa'idar HTML ta biyu, wadda aka fitar a 1995, aka yarda jerin zaɓi ya karɓi amsa fiye da ɗaya. To, amma burauza ba ta ɗaure amsoshin nan cikin ƙunshi guda. Abin da takan yi shi ne ta maimaita sunan tambayar sau adadin abin da aka zaɓa, ta aika magani=fenisilin, ta sake aika magani=asfirin, ta kuma aika magani=kulorokwin. Ƙa'idar ba ta faɗi yadda mai karɓa zai yi da suna guda da ya zo sau uku ba, saboda haka kowane gida ya yanke nasa hukunci.

Gidajen nan su ne ginshiƙan da ake ɗora shafukan intanet a kai, watau kayan aikin da aka riga aka haɗa, kamar yadda magini kan sayo ƙofa da taga daga wurin mai walda maimakon ya ƙera da kansa. A Django, wanda aka fitar a 2005, idan aka nemi amsa ta hanyar da aka saba, ta ƙarshe kaɗai ake samu, sai an kira getlist kana a sami duka. Flask shi ma yana da getlist, amma in ba a kira shi ba ta farko yakan bayar. A Java, getParameter ta farko yake miƙawa, getParameterValues ne ke kawo jerin. PHP kuwa yakan riƙe ta ƙarshe ya zubar da saura tun a bakin ƙofa, sai fa idan an liƙa alamar [] a ƙarshen sunan tambayar, kuma Ruby on Rails ma haka yake bukata. Wanda ya koyi sana'a a wani gida ya koma wani, lalle ne ya sake tambaya, domin kowane allazi da nasa amanu.

Akwai matsala ta biyu wadda ta fi wannan ɓuya. A ce an gano cewa an rubuta wa majiyyacin nan magungunan bisa kuskure, akawu ya koma ya cire alamar daga dukansu ya aika. Idan ba a zaɓi kome ba, burauza ba ta aika kome game da tambayar, ko sunanta ma ba ya zuwa. Manhajar da ke gyara abin da ya iso gare ta kaɗai sai ta ɗauka ba a taɓa wurin ba, ta bar tsohon bayani yadda yake. Ana iya rage uku zuwa biyu, ko biyu zuwa ɗaya, amma ɗayan nan na ƙarshe ya ƙi goguwa, akawu ya yi ta maimaitawa yana zargin intanet.

Dabarar da aka fi bi ita ce a saka wani ɓoyayyen gurbi a cikin fom wanda kullum yake tafiya tare da saƙon, domin ya shaida cewa tambayar tana nan, amsa ce babu. Rails yakan saka gurbin da kansa, sai dai yakan bar wata amsa fanko a cikin jerin, wadda dole a tsince ta kafin adanawa. Spring na Java yakan aika sunan tambayar da ɗan layi a gabansa don wannan manufa. A tsohon Struts kuwa aikin mai rubutu ne ya share jerin a cikin reset kafin a zuba sababbin amsoshi, kuma mantuwa da wannan ta sha wahalar da mutane.

Bayan an karɓi jerin cif, sai a tantance shi. Abin da ya fito daga burauza kowa yana iya sauya shi, don haka wajibi ne a gwada kowace amsa da jerin da aka yarda da shi, a kuma ƙidaya su idan akwai iyaka. MultipleChoiceField na Django yana yin gwajin farko da kansa. Ba ƙaramin abu ba ne, domin a 2009 masu bincike biyu, Luca Carettoni da Stefano di Paola, sun nuna yadda ɓata-gari ke maimaita suna guda da gangan, mai gadi ya duba amsar farko ya ga lafiya, manhajar da ke bayansa ta yi aiki da ta ƙarshe.

Shi kansa jerin zaɓin bai cika kyautata wa mai cikawa ba, tun da a kwamfuta sai an riƙe maɓallin Ctrl ana dannawa, kuma danni guda na ganganci yakan share duk abin da aka tara. Inda zaɓin bai wuce goma ba, 'yan akwatunan da ake sa wa alama sun fi sauƙi, ko da yake su ma hanya ɗaya suke bi wajen aikawa, da matsalolinta duka biyu. Saboda haka kafin a miƙa fom ga ma'aikata, a gwada shi da zaɓi uku, a gwada da ɗaya, sa'an nan a cire duka a aika, kuma kowane karo a buɗe ma'ajiyar bayanai a ga abin da ya shiga.