Idan Mota Ce Shaidar Albarka, Ina Za Mu Sa Andimi?

Shiga majami'a a Jos, Kaduna ko Abuja ranar Lahadi, ka kasa kunne lokacin ba da shaida. Wannan ya sami biza, wancan ya sayi fili, wata an yi mata ƙarin girma a ofis. Ana tafi, ana guɗa. Babu laifi a nan, wanda aka yi wa alheri ya gode wa Mai bayarwa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne darasin da ake cusawa ƙarƙashin tafin: wai mai bi na gaskiya ba ya talauci, ba ya ciwo. In kuwa yana fama, to bangaskiyarsa ce ta yi sanyi, ko bai "shuka iri" a bagadi ba. Zancen sama an bar wa ranar jana'iza. Sai an ajiye akwatin gawa a gaban jama'a fasto ke tuna akwai wani gida bayan wannan.

Koyarwar nan ba a gidanmu aka haife ta ba. Daga Amurka ta taso, a bakin masu wa'azi irin su Oral Roberts da Kenneth Hagin na birnin Tulsa, sannan Benson Idahosa na birnin Benin, wanda ya rasu a 1998, ya ba ta gindin zama a Nijeriya. Yau ta kutsa har ikilisiyoyin da ke sujada da Hausa, inda matashin fasto ke tsoron kada tumakinsa su gudu zuwa inda ake alkawarin arziki cikin kwana bakwai.

To, mu ɗora ta a kan sikeli. A watan Janairun 2020 'yan Boko Haram suka kama Rabaran Lawan Andimi, faston ikilisiyar EYN kuma shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a Michika. A bidiyon da suka sa shi ya yi, bai yi kuka ba. Ya nuna cewa komai na hannun Allah, ko ya dawo wa iyalinsa ko bai dawo ba. Kafin watan ya ƙare suka kashe shi. Ikilisiyarsa ce ta rasa hedikwatarta ta Kwarhi a 2014, shekarar da aka sace 'yan matan Chibok 276, akasarinsu 'ya'yanta. Mai wa'azin arziki ya gaya mini: wace zakka ce waɗannan mutane suka ƙi bayarwa? Wane iri suka ƙi shukawa? Ya je sansanin 'yan gudun hijira, ya tsaya gaban gwauruwar da ta kwana da yunwa, ya maimaita wa'azinsa in ya isa.

Na san amsar da ake bayarwa. Wai begen sama ne ya kwantar da mu, ya sa muka naɗe hannu wasu suka kwashe duniya. Tarihinmu ya ƙaryata wannan. 'Yan mishan Walter Gowans da Thomas Kent sun sauka Legas a 1893, a shekara ta gaba ciwo ya kashe su; daga aikin da suka fara da Rowland Bingham aka sami ƙungiyar mishan ta SIM, daga SIM aka sami ikilisiyar ECWA a 1954. 'Yan mishan da suka zauna ƙarƙashin tsamiya a Garkida a 1923 ba su tsaya ga addu'a kawai ba, sun buɗe makaranta da asibiti da wurin jinyar kutare. Haka Wusasa, haka Vom, haka Galmi ta Nijar tun 1950. Mutanen da idonsu ke kan sama ne suka wanke gyambon da kowa ke ƙyama. Wanda ladansa ke jiransa a can yana iya zuba ƙarfinsa inda babu riba.

Kuma kada wani ya ce ina yabon talauci. Talauci ba ado ba ne. Manzo Bulus da hannunsa ya ɗinka tanti, ya kuma tsawata wa malalatan Tasalonika. Yi karatu, yi noma, gina gida, aurar da 'ya'yanka. Amma manomin da Yesu ya ba da labarinsa a Luka sura 12 ba ɓarawo ba ne. Gonarsa ce ta yi albarka, ya shirya rushe rumbunansa ya gina manya, a daren nan aka karɓi ransa. Laifinsa guda: lissafinsa ya tsaya a bakin rumbu. Da a yau yake, da an miƙa masa makirufo ranar Lahadi ya ba da shaida, dattawa kuma su ɗora shi shugaban kwamitin gini.

Hausawa sun ce duniya budurwar wawa. Abin takaicin shi ne yanzu daga kan bagadi ake kai mata toshi, kuma kuɗin toshin daga ƙullin zanen mai sayar da ƙosai yake fitowa, wadda aka ce ta zuba jarinta duka a kwanon baiko, za ta ga ninki ɗari kafin ƙarshen wata. Wata ya ƙare. Ranar Litinin ta ci bashin wake.