Ɗan Daba Ba Daga Sama Ya Faɗo Ba

Duk lokacin da 'yan daba suka ta da hankalin wata unguwa a Kano, ko 'yan sara-suka a Bauchi, ko 'yan kalare a Gombe, maganar da ke biyo baya guda ce: a ƙaro 'yan sanda, a tsananta hukunci. Wannan daidai ne gwargwado, gama ba mai barin ɗanyen aiki ya wuce ba hukunci. Amma saurayin da aka kama da gora da barandami yana ɗan shekara 20, ya taɓa zama ɗan shekara 5, kuma a can ne ya kamata masu tsara manufofin gwamnati su fara dubawa.

Akwai binciken da ya yi fice a kan wannan batu, wanda wata malama Ba'amurkiya, Cathy Spatz Widom, ta buga a 1989. Ta tono fayilolin kotu na wani yanki a tsakiyar Amurka, ta fitar da sunayen yara 908 waɗanda aka tabbatar an zalunce su ko an yi sakaci da su tsakanin 1967 da 1971, dukkansu ba wanda ya wuce shekara 11 a lokacin. Sa'an nan ta nemo waɗansu yara 667 tsararsu, masu jinsi ɗaya da irin gida ɗaya, amma ba su da wannan tarihi. Da duk suka girma sai ta bi littattafan 'yan sanda don ta ga wa aka kama, da kuma laifin da ya yi.

Alƙaluman da aka sabunta a 2001 sun nuna cewa cikin waɗanda aka yi wa bugun zalunci suna yara, kashi 21 cikin 100 an taɓa kama su da laifin ta'adi ga jikin mutum. Wannan bai ba kowa mamaki ba. Abin da ya tsai da masana shi ne na waɗanda aka yi watsi da su kawai, watau iyaye suka kasa ba su abinci da sutura da wurin kwana da magani: su kashi 20 ne. Tsararsu na ɗaya rukunin kuwa kashi 14. Ke nan tsakanin yaron da ake jibga da wanda aka manta da shi, tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Bugu da ƙari, kusan kashi biyu cikin uku na yaran nan 908 sakaci ne matsalarsu.

To, yaya rashin kula yake juyewa ya zama mugunta? Ƙasar Romaniya ta ba da amsa mai ɗaci. Gwamnatin Ceausescu ta hana zubar da ciki a 1966, gidajen marayu suka cika da jarirai waɗanda ake ciyar da su amma ba mai ɗaukarsu in sun yi kuka. Bayan faɗuwar gwamnatin a 1989, masana suka bi rayuwar yara 136 a birnin Bukares, suka mai da rabinsu hannun iyayen riƙo. Waɗanda aka mayar kafin su cika shekara biyu sun fi sauran iya shaƙuwa da mutane, kuma da suka tasa, 'yan mazan cikinsu ba su kai waɗanda aka bari ƙeƙasar zuciya ba. Tausayi abu ne da yaro yake koya daga wanda ya tausaya masa. In bai samu a gida ba, ƙungiyar da ta fara ba shi abinci da suna da kariya ita zai yi wa biyayya, ko da majalisar 'yan daba ce.

Amma fa a yi hattara. Kashi 20 ɗin nan na nufin huɗu cikin kowane biyar ba a taɓa kama su da irin wannan laifi ba. Wanda ya ɗauki wannan bincike ya shafa wa kowane maraya ko kowane almajiri baƙin fenti, ya zalunce su sau biyu. Hasali ma, ɗora komai a kan almajirci hanya ce mai sauƙi ta kauce wa duba cikin gidajenmu. Yaro yana iya kwana a zauren ubansa cikin birni, alhali an saki uwarsa, ba wanda ya san ko ya ci ko bai ci ba, ba wanda ke cigiyarsa in dare ya yi. Ran da ya kangare kuma sai a kai shi gidan mari. Mai karatu zai tuna da samari da yara sama da 300 da 'yan sanda suka fitar daga wani irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna cikin watan Satumba na 2019, waɗansu da sarƙa a ƙafa.

Dokoki dai ba su ne suka yi ƙaranci ba. Tarayya ta kafa Dokar Haƙƙin Yara a 2003, Jihar Kano ta sa hannu a kan tata dokar kare yara a 2023, a shekarar kuma aka kafa hukumar ƙasa mai kula da ilmin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Tun kafin waɗannan duka, fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke bi ya bar renon ɗa namiji a hannun uwa har ya balaga, ya kuma ɗora ci da sha da suturarsa a wuyan uba. Al'ada ce ta juya lamarin, har ake ƙwace yaro da zarar an yaye shi.

A ganina nan ne wurin da gwamnatocin jihohi za su fi samun riba da kuɗi kaɗan. Duk shari'ar rabuwar aure da ta zo gaban alƙali, kada a rufe ta sai an rubuta wanda zai riƙe kowane yaro da abin da uban zai riƙa bayarwa a wata, a aika da kwafi ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma. Jami'in ofishin kuma ya je gidan da ƙafarsa bayan wata uku, ya nemi a kira masa yaron ya gan shi.