Ra'ayinmu: Muzuru da Ɓera a Gaban Ƙannenmu

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, a wannan fitowa muna so mu tsaya a kan wani abu da manya suka ɗauka wasan yara ne kawai, alhali kuwa shi ne malamin da ƙannenmu suka fi saurara bayan an tashi daga makaranta. Muna nufin zanen nan mai motsi, wato katun, na muzuru da ɓera, wanda ake kira Tom and Jerry. Daga Ƙauran Namoda har Shinkafi da Zurmi, da wuya ka tare yaron da ya saba leƙa talabijin ko wayar yayansa, ka ce masa Tom ya kasa cewa Jerry. Inda wutar lantarki ba ta kai ba ma, masu tura finafinai a waya sun kai shi.

Wasu Amurkawa biyu, William Hanna da Joseph Barbera, su suka ƙago shi a 1940 a kamfanin MGM. Daga nan zuwa 1958 sun yi gajerun finafinai 114, kowanne wajen minti 7, kuma jerin ya ci kyautar Oscar har sau 7. Da farko don gidajen silima aka yi su. Daga baya aka shigar da su talabijin, har a 1980 aka fito da The Tom and Jerry Comedy Show, inda ake sirka labarinsu da na wani kare mai sanyin jiki, Droopy.

Gaskiya ɗaya ce, shirin yana da kyawunsa. Na farko, ba ya bukatar tafinta, domin muzurun da ɓeran kusan ba sa magana. Yaron da bai san Turanci ba zai yi dariya daidai inda ɗan Ingila zai yi. Na biyu, aiki ne na gwanaye. Da hannu aka zana na asalin, hoto bayan hoto, aka kuma ɗora kiɗa a kan kowane taku. Na uku, yana nuna cewa ƙarami mai dabara yakan ka da babba mai ƙarfi, kamar dai yadda Gizo yake yi wa Kura a tatsuniyoyinmu. Ban da haka, dariya ita kanta magani ce, ba kuwa za mu raina abin da ke sa yaro ita ba.

To, amma akwai aibobi. Babban cikinsu shi ne duka ba ciwo. A kwaɗa wa Tom guduma ya baje kamar faifai, ko nakiya ta tashi da shi, kafin ƙiftawar ido ya miƙe garau. Yaro ƙarami bai gama rarrabe wasa da gaske ba. Su kansu Amurkawa sun damu da wannan, shi ya sa a shirin da aka sake yi a 1975 aka mai da su biyun abokai. Aibi na biyu ya shafe mu kai tsaye. A tsofaffin finafinan akwai wata baƙar mace mai aikin gida, wadda kusan ba a nuna fuskarta, aka mai da ita abin dariya. A 2014 sai da kamfanin Amazon ya saka gargaɗin wariyar launin fata a kansu. Mu kuwa a nan, haka 'ya'yanmu suke haɗiye su, ba mai yi musu bayani.

Aibi na uku shi ya fi damunmu. Tatsuniya tana da mai ba da ita. Kaka tana kallon fuskokin jikokinta, ta san inda za ta sassauta, yaro ya yi tambaya a ba shi amsa. Tana kuma da ƙarshe: sau da yawa haɗamar Gizo takan ja masa kunya, sa'an nan a rufe da ƙurunƙus kan ɓera. Amma ɓeran talabijin ba a taɓa kai ga kansa ba. Gobe ma za a sake gudu, a sake duka, ba wanda ya ga sakamakon aikinsa.

Wani zai ce, ina ruwan mujallar ɗalibai da katun, ga halin da ƙasarmu take ciki? Amsarmu ita ce, saboda halin ne ma muke magana. A 2025 'yan bindiga suka kashe mutane fiye da 30 daga cikin waɗanda suka sace a Banga, cikin ƙaramar hukumar Ƙauran Namoda, bayan an biya kuɗin fansa. Allah ya jiƙansu. Ba muna ɗora laifin a kan zanen kyanwa ba ne, wannan wauta ce. Abin da muke cewa shi ne, yaron da ya tashi cikin ƙarar bindiga yana bukatar dariya, amma yana kuma bukatar labarin da zai gaya masa, da harshen uwarsa, cewa duka da ciwo, rai kuma ba ya dawowa.

Saboda haka ba mu ce a hana kallo ba, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mu zauna da ƙannenmu idan suna kallo, mu tambaye su wa ya fara tsokana, me kuma zai faru in da a gaske ne. Sa'an nan mu yi namu, don kayan aro ba ya rufe katara. Adamu Waziri ya nuna hanya da Bino and Fino tun 2010, ga kuma tashar Arewa24 tana watsa shirye-shirye da Hausa tun 2014. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda da na Jami'ar Tarayya ta Gusau, kowa ya naɗo tatsuniya ko da guda biyar daga bakin tsofaffin garinsu a hutun nan, masu iya zane da kwamfuta su ɗora daga nan. Ma'aikatan ilmi da na gidajen talabijin kuma su buɗe wa irin wannan aiki ƙofa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.